Gidan Inna a Kan Katako

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya iskar bakin teku? Mu nan sai godiyar Allah. Yara suna gaishe ka. Babansu ma ya ce in gaishe ka, ko da yake ka san gaisuwarsa ba ta wuce ɗaga gira.

Na ɗauko biro ne domin na gaji da kiranka. Kai in an kira ka a waya daga "to" sai "uhm", kamar ana cire maka haƙori. Ga shi kuma Inna ido ne ya yi rauni, kunne kuwa ko allura ta faɗi sai ta ji, maganar da zan yi kuma ba ta gabanta ba ce.

Mun koma wajen likitan ido. Ya ce sugan ya riga ya yi ɓarna a ciki. Na hagu ya tafi, na daman ma yana kan hanya. Na tambaye shi zuwa yaushe, ya ce shi ba ya yanke wa Allah lokaci, amma duk abin da muke so ta gani mu nuna mata yanzu. Ba ta rabe fuska, sai abu babba mai launi mai ƙarfi. Jan bokitina tana hango shi tun daga ƙofa, ni da ke riƙe da shi kuwa sai na yi magana take sanin ni ce.

Ka san abin da take so ta gani. Kullum gari ya waye tambayar ɗaya ce: "Yaushe za a mayar da ni gidana?" Na ce ana gyaran rufi. Na ce hanya ta lalace. Na ce kai ne ka cika mata ɗaki da katako. Ƙaryata ta kusa ƙarewa, Auta. Tun da muka ɗauko ta bara, lokacin da teku ya fara shigowa tsakar gida, ba wanda ya gaya mata abin da ya biyo baya. Ni ma ba ka gaya mini duka ba, kana ta kwana-kwana. Ka rubuto mini gaskiya, me ya rage? In akwai abin ɗauka a hoto ka ɗauka, a wanke shi babba, ta gani kafin idon ya rufe. Tsofaffin hotunanmu duk suna cikin akwatin nan da ya jiƙe, ka sani.

Ka ba direban nan Sai-Gobe amsa ya kawo mini. Kada ka ce za ka kira.

Ka huta lafiya.
Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki. Na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune. A gaishe da Inna da kyau, a gaishe da yara da babansu, ki ce ni ma na ɗaga masa gira.

Gaskiya kika nema, to ga ta. Babu gida, Yaya. Ɗakin girki ne ya fara tafiya, sai rufi ya zauna, sai ɗakin Inna, sai bangon gaba ya kwanta gaba ɗaya kamar wanda aka taɗe. Kwanon rufin mutane sun kwashe, ban hana su ba. Abu biyu suka rage. Ƙofar ƙarfen nan da Baba ya kafa da siminti har kika ce ya yi mana ƙofar banki, da bishiyar kwakwa a damanta. Ƙofar tana tsaye ita kaɗai, a rufe, da kwaɗon da Inna ta datse da hannunta ranar da kuka tafi. In ruwa ya cika yakan kai rabinta. Mutum yana iya zagayawa ta bayanta ya dawo. Na sha zuwa da waya, ban taɓa iya dannawa ba. In wannan ne hoton da Inna za ta gani na ƙarshe, gara kada ta ga komai.

Amma ki ji wani abu. Akwai wata tsohuwa mai shago a bayan kasuwar kifi, kowa Malama yake ce mata. An kira ni in yi mata katakon shanya takardu. Ina shiga na ga bango cike da hotunan bakin teku, ba na kyamara ba, ba kuma zanen burushi ba. Katako take sassaƙawa da 'yan wuƙaƙe, ta shafa masa tawada da rola, ta ɗora takarda, ta murza bayanta da cokalin katako, ta ɗaga, sai ga hoto. Launi ɗaya bayan ɗaya take yi. Shuɗinta shuɗi ne, janta ja ne, ba ɓoye-ɓoye. Na tsaya da guduma a hannu har ta ce, "Kafinta, kallo aka kira ka ko aiki?"

Da na karanta zancen jan bokitinki sai na koma wurinta. Na ce ina so in yi gidanmu. Ta ce in kawo hotonsa. Na ce yana cikin kaina. Ta kama hannuna ta juya shi kamar mai tayin kifi, ta ce hannun da ya saba da zarto sai an sake masa tarbiyya, wuƙarta ba ta son ƙarfi. Mun dai shirya, ina yi mata aikin katako da safe, ta koya mini da yamma.

Ga na gwaji da na fara yi nan a ciki, kwale-kwale ne, launi biyu. Kada ki yi dariya. Ki nuna wa Inna, ki gaya mini ko ta gani.

Naki,
Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da Malamarka. Muna nan lafiya.

Na yi dariya, kada in yi maka ƙarya. Ƙaramar 'yata ta ce takalmi ne, babansu ya ce yankan kankana. Sai na kai wa Inna bakin taga. Ta riƙe, ta matso da shi har hancinta, ta nisanta shi, sai ta ce, "Wannan ai kwale-kwale ne. Wa ya yi masa jan fenti haka kamar na babanku?" Nan take na daina dariya. Na manta rabon da ta ga abu ta kira sunansa ba tare da ta laluba ba.

Maganar gidan kuwa, a banɗaki na karanta ta, na yi kukana na wanke fuska na fito. Ka san makullin kwaɗon nan yana rataye da zare a wuyanta? Ko wanka za ta yi ba ta cire shi. Wai kada ranar tafiya ta zo a tsaya nema.

Na gaya mata kana yi mata hoton gida ta riƙa kallo kafin a gama gyara. Ta ce a gaya maka kada ka manta bangon rawaya ne mai ƙarfi, ragowar fentin jirgi, ba irin ruwan ƙwai na maƙwabta ba. Ta ce kuma rufin ja ne. Na ce Inna, ai a gidan ya tashi. Ta ce, "Wanda ya taɓa fita da takalmi wari da wari ya kai har makaranta, a tuna masa."

Ka yi sauri. Na san halinka, kujera ɗaya takan kai ka wata guda kana shafa ta kamar za ka aure ta. Wannan karon ba mu da irin wannan lokacin.

Allah ya taimaka.
Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ki ce mata na ji, rawaya mai ƙarfi.

Na gaya wa Malama kin ce sauri, ta ce in gaya miki sauri ya haifi nawa. Duk da haka ta ba ni zaɓi. Ko a yi wa kowane launi katakonsa daban, wannan yana cin lokaci, ko a yi da katako ɗaya ana aske shi. Na zaɓi na biyun. Ga yadda yake: ki buga launin farko a duk takardunki. Sai ki sassaƙe duk inda kike so launin nan ya zauna, ki zubar da shi ƙasa, ki buga launi na biyu a kai. Haka har ƙarshe, katakon yana raguwa, hoton yana cika. Abin da aka aske ya tafi ke nan, ba gam ba ƙusa. Malama ta ce, "A nan ba a cewa a koma baya. Ka buga da yawa tun farko, domin za su riƙa mutuwa a hanya." Na buga goma sha biyu.

Sun kuwa fara mutuwa. Biyu sun goce, teku ya hau kan sararin sama. Ɗaya na ɗora mata gwiwar hannu tana ɗanya. Wuƙa ta zame ta shige babban yatsana, Malama ko ɗagowa ba ta yi ba, cewa ta yi kada jinin ya taɓa mata takarda.

Shuɗin teku ya ba ni wuya. Na haɗa wanda ya yi mini kyau, ta ce wannan shuɗin bokitin wanki ne, in fita in duba. Na je na zauna daf da inda tsakar gidanmu take a da. Tun da aka haife ni nake kallon ruwan nan, ban taɓa lura akwai kore da toka a cikinsa ba. Sai na ji haushin kaina, ina zaune ina neman kyan abin da ya cinye mana gida. Kuma yana da kyan, Yaya, abin takaicin ke nan.

Ruwan sama ya sauka, iska duk laima ce, tawada ba ta son bushewa. Kullum sai in taɓa da bayan yatsa in ji tana kamawa, kuma ba a ɗora launi a kan ɗanye. Zama kawai nake ina kallon takarda a rataye, ina tunanin idon Inna. Shi ya sa kika ji ni shiru. Na ajiye wasiƙar nan ban aika ba, na ce sai in da abin da zan haɗa da ita.

To yau akwai. Bango ya hau, rufi ja, ganyen kwakwa kore. Saura baƙi kawai, wato ƙofa da jikin bishiyar. Sai da na ɗaga takardar na san na riƙe gidan nan a kaina haka. Na ciro ɗaya na aiko miki ko da ba a gama ba, ta fara gani.

Naki,
Auta.

*

Auta,

Salamu alaikum. Muna lafiya, in dai wannan ita ce lafiya.

Sai-Gobe ya kawo saƙo. Na buɗe na ga rawayar nan, murna ta kama ni, amma wani abu ya yi mini baƙo ban gane ko mene ne ba. Na kai wa Inna. Yanzu taga ba ta isa, sai an fito da ita waje cikin rana. Jan bokitin ma sai ya zo gabanta take cewa ga shi.

Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Gidan waye wannan?" Na ce naki mana, Inna, ga rawayarki. Ta ce, "A'a. Ni in na fuskanci ƙofata kwakwa a hannun dama take, ɗakin girki a hagu. Tun ina amarya nake shiga gidan nan. Wannan na wasu ne." Ta miƙo mini ta ce a mayar da ita ɗaki. Ranar ba ta ci abinci ba. Ina gyara mata shimfiɗa na ji tana cewa ƙasa-ƙasa, "Ashe Auta ma ya manta."

Na duba, wallahi gaskiyarta. Ka juya gidan, Auta! Gidan da ka yi rarrafe a cikinsa, bishiyar da ka faɗo daga kanta ka karya hannu. Hagu da dama ma sai an koya maka? Ka cinye watanni kana wasa da tawada kamar ɗan firamare, idonta kuwa kullum tafiya yake, ba ya jiran bushewar kowa. Ni ce nan nake kallonta tana laluben kofi a gabanta, kai kana can kana neman kore a cikin teku. Da na sani da na ce ka ɗauko hoton kowane gida mai rawaya mu rufa wa kanmu asiri.

Ka gyara shi ka aiko. Yadda za ka yi, kai ka sani.

Yayarka.

*

Zuwa ga yayar Kafinta,

Gaisuwa da girmamawa, tare da fatan mahaifiyarku tana samun sauƙi. Ba ki san ni ba. Ni ce mai shagon da ƙanenki yake koyon aiki. Direba ya ce shi ne mai kai muku saƙo, shi ya sa na ba shi wannan.

Ƙanenki ya daina zuwa. Ranar da takardarki ta zo ya karanta, ya ɗauko katakon ya ajiye kusa da hoton, ya kalli wannan ya kalli wancan, ya ajiye wuƙa ya fita. Masu kifi sun ce suna ganinsa zaune a bakin ruwa.

Bai manta gidanku ba. A kan katakon bishiya tana dama, ɗakin girki yana hagu, daidai yadda mahaifiyarku ta faɗa. Takarda ce ke juya abu, kamar yadda in kin fuskanci mutum damanki yake zama hagunsa. Saboda haka mai sassaƙa a juye yake zanawa. Na gaya masa ranar farko, amma kwale-kwale duk inda ya fuskanta kwale-kwale ne, sai maganar ta bi iska. Mai koyo kuma idonsa yana kan gefen layi, ba ya ganin hoton. Ni ban san gidan ba, ban kuma tambaya ba.

Ba ya gyaruwa. Sabon katako kuwa a cikin wannan laima, ba zan yi miki alkawarin da ido ba zai jira ba. Shawarata ita ce ki sami babban madubi, ki riƙe hoton a gabansa, ita ta kalli madubin. Zai mayar da komai wurinsa.

Sa'an nan ki rubuta wa ƙanenki. Hannunsa nauyi gare shi, amma ban taɓa samun ɗalibin da ya fi shi tsoron ɓata abu ba. Launi ɗaya ya rage, kuma maganarki ta fi tawa shiga kunnensa.

Wassalam.
Mai shago.

*

Auta ɗan Inna,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ka lafiya, a inuwa, ba a bakin ruwa ba.

Malamarka ta rubuto mini. Ka san bakina, yana riga hankalina fita. Ka yafe mini. Ba da kai nake faɗa ba, da ciwon nake, kai ne dai hannuna ya kai.

Ni da babansu mun ciro madubin ɗakina mun fito da shi waje da rana tsaka. Inna ta ce me za ta yi da madubi, ita da ta manta kamanninta. Na riƙe hoton, na ce ta duba dai. Ta matsa har numfashinta yana dusashe gilashin, ina gogewa da gefen mayafi. Can sai ta ce, "Yawwa. Kwakwa ta koma wurinta." Na ce mata ba ka manta ba, takarda ce ta juya shi. Ta ce dama ta san ɗanta.

Sai ta sa yatsa tana bin rawayar daga wannan gefe zuwa wancan. Ta ce, "To ina ƙofar? Ta ina zan shiga? Gidan da ba ƙofa ai kabari ne." Cikin wasa ta faɗa, amma ni ban ji wasa ba. Na ce ƙofa tana hanya. Ta taɓa makullin wuyanta ta ce tana jira.

Ka koma shago, don Allah. Rawayar ma ta ce kamar ta bayan hayaƙi take ganinta. Tsoro nake ji, Auta, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Allah ya yi maka albarka.
Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. A gaishe da Inna da kowa. Ba komai, Yaya. Abin da kika faɗa, na riga na faɗa wa kaina wanda ya fi shi zafi. Na koma.

Kafin a buga baƙi sai an aske duk abin da ba baƙi ba. Na fara da ɗakin girki don yana gefe. Sai rufi, sai ɗakin Inna, sai bangon gaba. Ina cikin yi na ga ɓawon katako ya taru a ƙafata, rawaya-rawaya, sai na lura a jere nake bin su yadda ruwa ya bi su. Na ajiye wuƙa na fita waje na daɗe. Da na dawo na tarar Malama ta share wurin.

Jan rufin ya ƙi bushewa. Na kasa jira, na faki idonta na buga a kan guda uku. Baƙin ya kwaso jan, suka fito kamar an taka tumatir. Wasu kuma laima ta sa sun yi fumfuna a gefe. Malama ta ƙwace biyun da suka rage ta rataye su a gaban fanka, ta ce in na sake matsowa kusa da su za ta kira mini masu dako su fitar da ni. Na zauna na jira. Ban taɓa jin na tsani wani abu kamar yadda na tsani ruwan saman bana ba.

Da ta ba da izini na buga ta farko, ta goce. Ta biyun na murza ta da cokali har kafaɗata ta sage. Ta fita, Yaya. Ƙofar tana tsaye baƙa a tsakiyar rawaya, har da kwaɗon. Malama ta sa tabarau ta duba, ta ce, "To, ba laifi." A wurinta wannan kirari ne.

Takardar ma sai da na jira ta sha iska. Ban sami kwali mai ƙarfi ba, ga Sai-Gobe buhu yake ɗorawa a kan komai, sai na naɗe ta na ɗaure a jikin katakon don kada ta lanƙwashe. Katakon ya gama aikinsa, ba zai sake buga komai ba. Ki ba yara su yi wasa ko ki yar. Motar tana gareji, ya ce gobe zai tashi. Ki fito da madubi.

Naki,
Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Saƙo ya iso, bai lanƙwashe ba. Ban san ta inda zan fara ba, bari in bi shi yadda ya faru.

Motar tana can gareji, wata safiya Inna ta ce in buɗe mata labule. A buɗe yake, rana har kan gadonta. Na je na ja shi na mayar don ta ji ƙararsa. Sai ta ce, "To." Mun je wurin likita, ya haska ya haska, ya ce sai haƙuri.

Duk da haka da hoton ya zo mun fito da madubi. Ya yi kyau, Auta. Ni na gani, babansu ya gani har ya buɗe baki ya yi magana. Ji na yi kamar in na tura ƙofar nan zan tarar da Baba yana ɗinkin raga. Na riƙe shi a gaban madubin, na juyo da Inna, ta buɗe ido iya buɗewa. Ta ce, "An kawo?" Na ce ga shi a gabanki. Ta ce, "Akwai ƙofar?" Na ce akwai, har da kwaɗo. Ta ce, "Madalla." Ta shafa takardar, ba abin da hannunta ya ji sai santsi. Ta ce a mayar da ita ciki, rana ta dame ta.

Katakon kuwa a gefen gadonta na kwance shi, na manta da shi a nan. Da na dawo daga ɗora tukunya sai na same shi a cinyarta tana bin sa da yatsu. Ta ce, "Ke, zo. Wannan ai ƙofata ce. Ga kwaɗon. Ga kwakwa a dama, inda take." Rabon da in ji muryarta haka tun muna gida. Sai yatsun suka tafi hagu neman ɗakin girki, suka faɗa rami. Suka hau sama neman rufi, babu. Suka dawo inda ɗakinta yake, suka yi ta zagaye a cikin sawun wuƙarka. Ka san yadda sawun nan suke, tudu da kwari kamar ruwa.

Na fara bayani, na ce Inna haka sana'ar take, aske katakon ake yi. Ta ce, "Yi shiru. Yaron nan tun yana ƙarami bai iya ƙarya ba. Ke ce mai iyawa." Sai ta ce, "Yaushe ruwan ya ci?"

Na gaya mata duka. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ta tambayi wanne ya fara tafiya, na ce ɗakin girki. Ta ce dama ta gaya wa Baba ya gina shi kusa da ruwa da yawa, bai ji ba.

Tun ranar ba ta sake cewa a mayar da ita gida ba. Da roƙon Allah nake ta daina tambaya, yanzu da ta daina, safiya ta yi mini faɗi. Abinci sai an matsa mata. Katakon yana wurinta dare da rana, ta hana yara taɓawa, babban yatsanta kullum yana kan ƙofar.

Jiya ta ciro zaren wuyanta da kanta. Ga makullin nan na naɗe a cikin takardar. Ta ce in gaya maka, "Ka je ka buɗe wa ruwan nan. Tunda ya riga ya shiga, a daina barinsa yana buga ƙofa."

Ka gaishe da Malama, ka ce na gode. Ka kula da kanka.

Yayarka.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. A gaishe da Inna.

Makulli ya iso. Na je da ruwa ya janye. Ƙofar ba ta nan. Masunta sun ce ta kwanta tun kwanakin baya, yashi ya rufe ta. Na tona da hannu inda nake zato, ban same ta ba. Kwakwar ma ta karkata.

In ta tambaya ko na buɗe, ke za ki san abin da za ki ce, tunda ni ban iya ba. Kada dai kowa ya karɓi katakon nan daga hannunta. Ƙofar da ke jikinsa ita kaɗai ta rage mana.

Makullin yana wuyana.

Naki,
Auta.